"Kusa" Iri-Iri Ce: Turancin da Ɗan Kasuwar Iyaka ke Buƙata

Tun zamanin fatake, garin Djougou, wanda Hausawa ke kira Zugu, zango ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Har yau 'yan kasuwarmu na can da na kasuwar Arzeke ta Parakou suna ciniki da Dandanci da Faransanci. Amma da zarar mota ta bi ta Nikki ta tsallaka Chikanda zuwa Jihar Kwara, takardar kaya takan koma Turanci.

A nan ne kalmar "kusa" ke jawo asara. "Near" da "close to" duk kusa ne, amma ba su nufin shago yana jikin shago. In jiki da jiki ake nufi, "next to" ko "beside" ake cewa, wato "à côté de" a Faransanci. "Opposite" kuwa shi ne wanda ke fuskantar wurin daga tsallaken titi, wato "en face de". Direban da aka rubuta wa "near the market" yana iya sauke doya a ƙofar da ba ita ba, mai kaya ya sake biyan 'yan dako.

Haka abin yake wajen lissafi. "Almost" ko "nearly 100 bags" na nufin buhunan ba su cika 100 ba. "About" ko "around" kuwa suna iya ɗarawa ko su kasa.

Don haka, kafin a biya kuɗin mota, a tabbatar an rubuta "exactly" da adadin buhuna, tare da sunan layi da lambar shago.