Ruwan da Ya Kwantar da Gari

Mai karatu, a ce kai ne manajan hukumar ruwa ta wani ƙaramin gari. Takarda ta iso daga ɗakin gwaji tana cewa akwai ƙwayar cuta a ruwan da jama'a ke sha. Bayan kwana biyu jami'in lafiya ya bugo waya, ya ce yara na gudawa da jini, ko ruwanku lafiya? Me za ka ce masa?

Tambayar da aka yi wa Stan Koebel ke nan ranar 19 ga Mayu, 2000, a Walkerton, garin manoma mai mutum kusan 4,800 a lardin Ontariyo na Kanada. Ya ce a ganinsa ruwa ba shi da matsala. Takardar kuwa tana hannunsa tun ranar 17.

Hukumar ta gari ce, jama'a ke zaɓen masu sa ido a kanta. Stan ne manaja, ƙanensa Frank shi ne shugaban ma'aikata. A bakin aiki suka koyi sana'ar, kuma a 1988 aka ba su takardar shaida ba tare da sun zauna jarrabawa ba, saboda daɗewa kawai. Cikin rijiyoyinsu akwai Rijiya ta 5, wadda aka haƙa a 1978. Ba ta da zurfi, ga gonar shanu a kusa da ita.

Aikinsu na kullum shi ne auna sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, su rubuta a littafi. Shekara da shekaru sai su cike littafin da lambobi ba tare da sun auna komai ba. Wani lokaci a ɗebi ruwan gwaji a wuri guda, a manna wa kwalaben sunayen wurare daban-daban. Za ka ce mugunta ce, ko?

To, ga abin mamakin. Mutanen nan da zuciya ɗaya suka yarda ruwan rijiyarsu tsarkakakke ne. Su da kansu sukan sha shi ɗanye a bakin rijiya, kafin a sa masa magani. Mutanen gari ma kan yi ƙorafin warin kulorin, sai a rage. Stan da Frank ba su san cewa akwai nau'in ƙwayar cutar E. coli da ke lalata ƙodar yaro ba. Wa ya taɓa zaunar da su ya koya musu?

Ranar 12 ga Mayu aka sheƙa ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ya wanke takin shanu, ya bi tsagogin dutse ya shiga Rijiya ta 5. Da an auna kulorin a kwanakin nan, da an ga ya ɓace. Ba a auna ba.

Da Stan ya ajiye wayar jami'in lafiya ranar 19, sai ya shiga wanke bututu da ƙara magani, yana fatan gyara ɓarnar kafin a gane. Ɗakin gwajin kuwa na 'yan kasuwa ne, domin gwamnatin lardin ta janye daga wannan aiki a 1996, kuma babu dokar da ta tilasta masa sanar da jami'an lafiya. Da kai ne ma'aikacin da ya san abin da ake ciki, alhali abincinka na hannun maigidanka, za ka yi magana?

Wani ya yi. Wani ma'aikacin hukumar ya buga wa ma'aikatar muhalli waya, ya ɓoye sunansa, ya faɗi abin da ya sani. A garin Owen Sound kuma, likitar yara Kristen Hallett ta lura cewa yara biyu masu ciwo iri ɗaya duk daga Walkerton suke. Ranar 21 ga wata, babu hujja a hannu, hukumar lafiya ƙarƙashin Dakta Murray McQuigge ta sa a sanar ta rediyo cewa kowa ya tafasa ruwa. Wannan ƙarfin hali ya ceci rayuka, ko da yake ya zo bayan kwana biyu da aka yi asara.

Mutum bakwai suka mutu, har da yarinya 'yar shekara biyu. Fiye da 2,300 suka kwanta. Mai Shari'a Dennis O'Connor, wanda ya jagoranci bincike, ya gano cewa da an faɗi gaskiya ranar 19, da mutum 300 zuwa 400 ba su kamu ba. Bai ga laifin mai gonar shanun ba, amma ya ɗora wa gwamnatin lardin nata kason. A Disamba 2004 kotu ta ɗaure Stan shekara guda, Frank kuma wata tara na ɗaurin talala a gida.