Babur Ɗin KTM Six Days: Abin da Ya Bambanta Shi da 'Yan Uwansa

A kowace shekara kamfanin KTM, wanda ke garin Mattighofen a ƙasar Ostiriya, yakan fitar da wani samfuri na musamman cikin baburansa na daji, ya yi masa laƙabi da Six Days, domin tunawa da gasar babura ta kwana shida ta duniya da aka fara a Carlisle ta Ingila a shekarar 1913. Kasancewar gasar tana zagaya ƙasashe, fentin babur ɗin yakan ɗauki launin tutar mai masaukin baƙi, kamar Faransa a 2022 da Ajantina a 2023.

Injin samfurin 300 EXC Six Days, wanda girmansa ya kai cc 293, bai bambanta da na 300 EXC na gama-gari ba. Inji ne mai bugu biyu, wato wanda fistin ɗinsa ke kammala aikin ƙona mai a hawa ɗaya da sauka ɗaya, saboda haka ya fi mai bugu huɗu sauƙin nauyi da ƙarancin sassa. Tun daga samfurin 2018 kamfanin ya maye gurbin kafireta da na'urar fesa fetur wadda ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa, tana auna iska da zafi da tsayin wuri, kuma wani famfo yana tura baƙin mai daga tankinsa na daban, ta yadda mahayi ba ya bukatar gauraya shi da fetur da hannu. Giya shida gare shi, kulocinsa na aiki da matsin ruwa, ana tayar da shi da maɓalli, kuma tayar gaba inci 21 ce, ta baya inci 18.

Ainihin bambancin yana cikin ƙananan kayayyaki, kuma ba za a fahimci hikimarsu ba sai an san dokar gasar, wadda ta ɗora wa mahayi gyaran babur ɗinsa da kansa cikin 'yan mintoci safe da yamma, tare da hana shi sauya wasu manyan sassa da alƙalai suka yi wa alama. Wannan ne ya sa aka maƙala wani ɗan hannu a ƙarshen ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, domin a zare shi da sauri lokacin canjin taya, aka kuma sa garkuwa a ƙarƙashin inji don kare shi daga duwatsu. Faifan birkin baya ba shi da huji, saboda laka takan cika hujin ta cinye takalmin birki tun kafin rana ta faɗi, yayin da na gaba aka ɗaure shi da ɗan sarari domin kada zafi ya lanƙwasa shi. Haƙoran faifan da sarƙa ke ja a baya na ƙarfe ne, tsakiyarsa kuma alminiyam, wanda hakan ya haɗa juriya da rashin nauyi. Akwai ma wata siririyar waya da ke haɗa fedar birki da jikin babur, wadda ke hana reshe ko ciyawa shiga tsakani su karya ta, da kuma madaurin da ake kamawa a jawo babur idan ya kafe a taɓo.

Sauran ƙarin, kamar firam mai ruwan lemo da kujera mai zane, ado ne da kasuwa ke so, kuma babu shakka wani kaso na tsadar babur ɗin yana tafiya ne a nan. Duk da haka, wanda zai shiga gasa da gaske zai sayi yawancin kayan kariyar nan ko da bai samu sun zo da babur ba, kuma sayensu ɗaya bayan ɗaya sau da yawa yakan fi tsada. Mahayin da iyakarsa hanyar ƙasa mai laushi kuwa, samfurin gama-gari zai yi masa aikin da wannan zai yi, tunda inji da giya duk iri ɗaya ne.