Hidimar Jama'a Kafin Takardar Gama Sakandare: Yadda Ake Yi a Amurka da Kanada

A wasu sassan Amurka da Kanada, cin jarrabawa kaɗai ba ya sa a ba ɗalibi takardar gama sakandare. Sai ya kawo shaida cewa ya yi wa jama'a hidima kyauta har na wasu awoyi da doka ta ƙayyade. Wanda bai cika awoyin ba, takardarsa za ta jira shi ko da shi ne na ɗaya a aji. Wannan doka ta shafi iyaye da malamai, ta kuma shafi ƙungiyoyin agaji, domin wurinsu ne yawancin yaran suke zuwa neman aikin. Bari mu duba yadda abin ya fara, da gardamar da ya tayar, da abin da yake sa shi ya yi amfani.

Inda dokar take aiki

A Amurka kowace jiha ce take tsara sharuɗɗan gama makarantunta. Jihar Maryland ce ta fara wajabta hidima a kan dukan ɗaliban makarantun gwamnati. Hukumar ilimin jihar ta amince da dokar a 1992, kuma waɗanda suka gama a 1997 su ne rukunin farko da ta hau kansu. Adadin da aka sa shi ne awa 75, amma an bar wa kowace gunduma damar tsara nata shirin idan jiha ta yarda da shi. Kathleen Kennedy Townsend, wadda daga baya ta zama mataimakiyar gwamnan jihar, tana cikin waɗanda suka tsaya har dokar ta tabbata. Jihar Arkansas ma ta kafa irin wannan doka a 2023, ita ma awa 75, farawa da waɗanda za su gama a 2027.

A Kanada kuwa, lardin Ontario ya sa sharaɗin awa 40 tun 1999. Ɗalibi a can yana bukatar kwasa-kwasai 30 kafin ya gama, kowane kwas kuma awa 110 ne na karatu. Ke nan duk hidimar ba ta kai rabin kwas guda ba. Idan aka raba ta cikin shekara 4, awa 10 ce kacal a shekara. Wahalar takan faɗa wa yaron da ya bar ta sai watannin ƙarshe, lokacin da jarrabawa ta matso.

Abin da ake ƙirgawa

Aikin da ake karɓa yana da yawa: shirya kayan abinci a ɗakin rabon abinci ga mabukata, koya wa ƙananan yara karatu, ziyartar tsofaffi, share bakin rafi, tattara tufafi don waɗanda bala'i ya afka wa. Akwai kuma wanda ba a karɓa. A Ontario ba a ƙirga aikin da aka biya ɗalibi kuɗi a kansa, ko aikin gida na yau da kullum, ko aikin da kotu ta ɗora wa yaro a matsayin horo. An hana a sa ɗalibi a gurbin ma'aikacin da ake biya albashi. An kuma hana a ba shi tuƙin mota, ko injin aiki mai haɗari, ko ba wa marasa lafiya magani.

Makarantun gwamnati a Amurka ba sa ɗaukar ɓangaren wani addini. Saboda haka gundumomi da yawa ba sa ƙirga lokacin sujada ko wa'azi ko koyar da addini cikin awoyin. Amma idan majami'a ko masallaci suka buɗe wurin ciyar da duk wanda ya zo da yunwa, akan karɓi aikin da ɗalibi ya yi a wurin. Abin da ake dubawa shi ne ko aikin ya biya wata bukata ta jama'a baki ɗaya.

Gardama a gaban kotu

Wasu iyaye ba su yarda ba. Suka ce aikin sa kai ya daina zama na sa kai tun da an tilasta shi. A garin Bethlehem na Jihar Pennsylvania, inda aka sa awa 60, wasu iyalai sun kai hukumar makarantu ƙara. Suka kafa hujja da gyara na 13 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta da aikin dole a 1865. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukumar makarantu gaskiya a 1993, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Haka aka sake yi a 1996 a kan gundumar Rye Neck ta Jihar New York, mai awa 40. Kotunan sun ga cewa ba a yi wa kowa barazanar duka ko ɗauri ba, ɗalibi ne yake zaɓen inda zai yi aikin, kuma manufar shirin ita ce ilimi.

Hukuncin kotu ya warware batun doka, amma ya bar wata tambaya: yaron da aka tilasta wa hidima zai ci gaba da ita bayan ya cika awoyinsa? Wata masaniyar tattalin arziki, Sara Helms, ta wallafa bincike a 2013 a kan Maryland. Ta gano cewa bayan kafa dokar, aikin sa kai ya ƙaru a tsakanin 'yan aji 8, amma ya ragu a tsakanin 'yan aji 12, wato ajin ƙarshe. An ce ana iya kai doki rafi, ba a iya sa shi ya sha ruwa. Cika takarda da awoyi abu ne mai sauƙi, sa wa yaro son taimako a zuciya kuwa yana bukatar a zauna da shi.

Matakai uku na Maryland

Masu tsara dokar Maryland sun hango wannan matsala, shi ya sa suka ce dole hidimar ta bi matakai uku. Na farko shi ne shiri: ɗalibi ya fahimci matsalar kafin ya taɓa aikin, misali dalilin da ya sa ake samun masu yunwa a ƙasa mai arziki. Na biyu shi ne aikin kansa, ko dai fuska da fuska da mabukata, ko ta tattara musu kaya, ko ta yin magana a madadinsu gaban hukuma. Na uku shi ne waiwaye: ya zauna ya rubuta ko ya tattauna abin da ya gani da abin da ya koya. Gundumomi da dama sun haɗa wani ɓangare na awoyin cikin darussan aji tun daga ƙaramar sakandare, yadda darasin kimiyya a kan ruwa zai ƙare da aikin gyara rafin unguwa.

Nauyin da ke kan masu karɓar ɗalibai

A nan ne ƙungiyar da ta karɓi yaro take da babban hannu. Idan an ba shi tsintsiya kawai, aka sa masa hannu a takarda da yamma, abin da zai koya shi ne hidima wani shinge ne da ake tsallakewa. Idan kuwa wani babba ya bayyana masa su wa za su ci abincin da yake ɗaurewa, ya ba shi aiki takamaimai da za a tambaye shi a kansa, ya kuma saurare shi bayan an tashi, to akwai alamar zai dawo ko takarda ta cika. Sa hannu a kan awoyin da ba a yi ba kuwa koya wa yaro ƙarya ne, komai tausayin da ya jawo shi.

Akwai kuma yaran da sharaɗin ya fi yi wa nauyi: mai aiki bayan makaranta don taimakon gida, mai renon ƙanne, da wanda ba shi da abin hawa. Ƙungiya takan sauƙaƙa musu ta hanyar buɗe aiki ranar Asabar ko lokacin hutu, ko ta kai aikin kusa da unguwarsu.

Ga iyayen da 'ya'yansu suke karatu a waɗannan wurare, shawararmu ita ce ku tambayi makaranta tun shekarar farko awa nawa ake bukata, ku tabbatar ta amince da wurin kafin yaro ya fara, ku kuma adana kowace takarda da aka sa wa hannu. In ya dawo gida, ku tambaye shi wa ya taimaka wa yau, da abin da ya gani a wurin.