Shekarun Kacalla a Fadamar Haɗejiya

Kafin 1974, Kogin Haɗejiya yana da alƙawari da mutanen bakinsa, kuma ba kasafai yake saɓawa ba. Ruwan da aka yi a ƙasar Kano da damina yakan biyo Kogin Kano da na Challawa, su haɗe kafin Wudil, su gangaro ta ƙasar Ringim. Wajen Agusta zuwa Satumba ya iso gabas da Haɗejiya, inda ƙasa ta kwanta shimfiɗe, sai ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya bazu tsakanin jigayi. A shekara mai albarka yakan rufe filin da ya kai murabba'in kilomita 2,000 ko fiye. Daga nan ya riƙa ja da baya a hankali, har bazara ta tarar da wasu rassansa sun koma rairayi.

Kowa ya san rabonsa a wannan zuwa da komawa. Mai shinkafa ya shuka kafin ruwa ya iso, ta riƙa tashi tare da shi. In ya fara janyewa, masunta su tare bakin ƙoramu da koma, tarwaɗa da karfasa su cika kwando. Inda ruwa ya bar danshi a shuka wake. Bayan an kwashe, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Mata na yankan kaba, wasu na kwasar kanwa. Fili ɗaya ne, amma Bahaushe da Bamange da Babade da Bafulatani kowa na ci daga cikinsa, kowa da watansa.

Birniwa ba a cikin ruwan take ba. Tana arewa da fadamar, a kan tudu mai yashi, ƙasar gero da riɗi da zoɓo da kankana, kan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya a Nguru tun 1930. Amma duk wanda ya san yankin ya san cikin Birniwa a ɗaure yake da fadama. Can samarinta ke zuwa ci-rani, can shanunta ke sauka, daga can kifi da shinkafa ke hawowa kasuwa. Ko rijiyoyin ƙauyukan da ke gefen fadamar, masu binciken ruwa sun nuna ambaliyar shekara-shekara ce ke cika musu ƙarƙashin ƙasa. Ba banza ba aka haɗa Birniwa da Guri da Kirikasamma a kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai.

Sai aka datse kogin daga sama. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga, kuma a lokacin Haɗejiya ma ƙasar Jihar Kano ce. Gaskiya ɗaya ce, ba da mugun nufi aka yi ba. An fito daga farin farkon shekarun 1970 da ya kashe dabbobi ya tarwatsa gidaje, birnin Kano na bunƙasa yana neman ruwan sha, ga burin noman rani a Kadawa da Kura. A 1992 aka ƙara da dam ɗin Challawa. Su biyun suka riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar na ƙasa. Mutumin Guri bai san ranar da aka yanke shawara a kan gonarsa ba.

Jarrabawar farko ta ƙishi ce. Dam ya rage ambaliya, sama kuma ta riƙe ruwanta. A 1984 fadamar ta tsuke har ta koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. An fita roƙon ruwa, an yi sadaka, an sayar da akuya an sayi tiya. Wasu suka yi gabas, Tafkin Chadi, kamun kifi. Da yawa kuwa suka zauna, irin zaman gaiwa da ke shigewa taɓo in tafki ya ƙafe, ta yi ta cin jikinta har ruwa ya dawo.

Ruwan ya dawo, amma ba irin wanda aka roƙa ba.

Tunda ana sako ruwa daga dam da rani saboda gonakin Kano da famfon birni, kogin da a da yake bushewa ya koma gudana shekara zagaye, ba zurfi, ba ƙarfi. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta daina zuwa yadda ta saba, laka ta taru. Wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Da can tana nan jefi-jefi a bakin tafkuna, rani na kashe ta, ba wanda ya damu da ita. Yanzu ta samu wurin zama. Tsayinta ya fi na mutum nesa ba kusa ba, ganyenta dogo kamar takobi, kanta kamar zangarniyar gero, in ya bushe ya fashe iska ta kwashi irin ta watsa ko'ina. A ƙasa kuma saiwarta na tafiya cikin laka tana tsiro da sababbi. Ka ƙone ta, ta tofo. Ka sare ta sama da ruwa, mako kaɗan ka dawo ka tarar kamar ba ka zo ba.

Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, kacalla ta yi abin da ko injiniya bai hango ba, ta sauya wa kogi hanya. Gabas da Haɗejiya kogin yakan rabu: tsohon Kogin Haɗejiya da Burum Gana su nufi Gashuwa su haɗu da ruwan Jama'are, reshen Marma kuma ya yi arewa ya zube a tafkin Nguru. Ciyawa da laka suka toshe bakin na farkon biyu, kusan duk ruwan ya karkata Marma. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Garuruwan da ke kan Marma ruwa ya zauna musu a gona, ba ya tafiya rani da damina, gonakin gado suka koma dajin kacalla, hanyar Haɗejiya zuwa Nguru ta riƙa yankewa. Su kuwa na kan Burum Gana da tsohon kogin, ƙasa ta tsage musu, jiragensu na kife a kan yashi. A ƙasar sarki ɗaya, cikin dangi ɗaya, wani na roƙon Allah Ya janye ruwa, surukinsa na roƙon Allah Ya kawo. Lissafin masana ya nuna abin da Kogin Haɗejiya ke kaiwa Gashuwa ya koma kusan babu.

Kamar hakan bai isa ba, kacalla ta zama gidan jan-baki. Tsuntsayen kan kwana a cikinta dubbai a kan dubbai, inda ba mai iya kai musu, da asuba su tashi kamar hadari. Manomin gero a tudun Birniwa, wanda ƙafarsa ba ta taɓa ruwan Marma ba, shi ma ya sha nasa kason. Yara su wuni a kan rumfa suna jan igiyar gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe, tsuntsu ya tashi nan ya sauka can. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yaran da ke wanka a ruwan da ba ya tafiya. Masunci kuwa ina zai jefa birgi a wurin da jirgi ma ba ya ratsawa?

Wani abin dariya mai ciwo shi ne duniya ta san wannan fadama sarai, amma ta hanyar tsuntsaye. Agwagin ruwa da sauran baƙin tsuntsaye kan taso daga Turai su yi hunturu a nan. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona, cikin fadamar, ya gan su. A 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko a Nijeriya. Tun farkon shekarun 1990 kuma masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka nuna ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, nesa, a kan wanda aka tare don noman rani a sama. Takardu sun cika kabad. Kacalla ba ta iya karatu ba.

In ka gaida mutumin yankin a shekarun nan ka ce, "Ya muka ji da ruwa?" amsar ba ta wuce, "Ruwa ya yi gyara, sai godiya." Baƙo zai ɗauka sallamawa ce. Ni ban ɗauke ta haka ba, saboda abin da mutanen suka yi da hannunsu.

Sun gano lagon ciyawar. In aka yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya shiga kututturen ya rufe shi, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. To amma yankan ƙarƙashin ruwa ba aikin tsaye a gaɓa ba ne. Mai gari ya sa a yi shela, a tsayar da rana, gari da gari a haɗu aikin gayya. Magidanta da samari su tuɓe su shiga, ruwa iya ƙirji, wani wurin iya wuya. Mutum ya damƙi ganye da hagu, ya nutsa lauje da dama yana lalube har ya ji gindin, ya ja. Na baya su tattara, su tura gefe, su jibge a gaɓa don kada ta sake toshe hanya. Ganyen na yanka tafin hannu, matsattsaku na manne wa ƙafa, ba wanda ya san abin da ke kwance cikin duhun ciyawar. Mata su aiko da fura da ɗumame. La'asar ta yi, a fito a yi alwala da ruwan da aka wuni ana faɗa da shi, a yi salla a kan jigawa. Abin da aka buɗe a wuni bai fi jirgi ya wuce ba. Gobe a koma. Baɗi ma a koma, don ta dawo.

A farkon shekarun 2000 wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya shigo ya taimaka wajen haɗa garuruwan sama da na ƙasa su yi magana da murya ɗaya, aka kuma gwada buɗe wasu hanyoyin ruwan da suka toshe. Inda ruwa ya sake bi, mutane sun koma gonakin da suka fid da rai da su. Kukan ya kai sama. A 2006, zamanin Obasanjo, aka yi taron ƙoli a Damaturu, jihohi shida da ke shan wannan ruwa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da tsarin raba shi, aka kafa asusun kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe. Shekara talatin da biyu ke nan bayan Tiga kafin a zauna a tambayi na ƙasa.

A nan nake da magana da masu wa'azin haƙuri daga cikin ofis mai sanyi. Haƙurin mutanen fadama tsakaninsu ne da Ubangijinsu, kuma sun cika nasu. Ba su ɗauki makami a kan mutanen Kura ba, ba su daina shuka ba ko a shekarar da suka san da wuya su girba. Amma fari daga Allah ne, buɗe ƙofar dam da rufe ta kuwa hannun mutum ne, yashe kogi kuma kasafin kuɗi ne. Wanda aka damƙa wa waɗannan bai da hurumin cewa talaka "sai haƙuri". Wannan kalma ta wanda abin ya shafa ce.

Jarrabawa ba ta ƙare a Damaturu ba. Kogin da hanyoyinsa suka cushe, in ruwa ya yi yawa sai ya nemi gari. An gani a 2012, an gani a 2018 da 2020. Ambaliyar 2022 ta fi muni, ta ci rayuka sama da ɗari a Jigawa, ta shanye gonakin shinkafa ana dab da girbi. A watan Satumban shekarar, mutanen Haɗejiya suka yi kwanaki a kan jingar da ta tsare garin. Matasa na cika buhuna da ƙasa, ana miƙawa hannu da hannu cikin dare da hasken tocila, masu hali na aiko da buhu da abinci, dattawa na addu'a a masallatai. In nan ya ɓalle a ruga a toshe, can ya tsatsa a koma can. Ƙauyuka da yawa na kewaye sun nutse, mutanensu suka koma makarantu da bakin titi, amma ruwan bai ci tsakiyar birnin ba.

Bayan wata huɗu, a Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, sama da hekta 5,000, wanda aka kammala da rancen Bankin Duniya. An fara aikin nan tun farkon shekarun 1980, zamanin Shagari. Yaron da aka haifa ranar da aka kafa harsashi ya yi furfura kafin ya ga an yanke ƙyalle, da yawa cikin waɗanda aka auna gonakinsu kuwa jikokinsu ne suka ga ruwan. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan da ke shiga ruwa suna tuge kacalla suna yashe laka, aikin da lauje ya yi shekaru yana yi shi kaɗai. A Nuwamban 2023 kuma a ƙasar Haɗejiya aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya.

Kacalla dai tana nan, kuma duk hanyar da aka buɗe aka bari shekara biyu sai ta koma yadda take. Maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, reshen da ya rage ba a datse ba, ita ma ba ta mutu ba, takan taso lokaci zuwa lokaci. 'Yan majalisar Birniwa da Guri da Kirikasamma, da sarakunan yankin, su tabbata kuɗin yashe kogi na cikin kasafin kowace shekara, kuma duk ranar da za a sake zama a kan ruwan nan, a kira masunci da manomi da makiyayi na ƙasa tun kafin a zuba siminti.