Tsagaggen Leɓe da Ganɗa: Inda Ya Kamata Iyaye Su Sa Kuɗinsu

A cikin kowane jarirai 700 da ake haifa a duniya, akan sami kamar guda ɗaya mai tsagaggen leɓe, ko tsagaggiyar ganɗa, watau rufin baki, ko kuwa duka biyu. Leɓe da ganɗa suna haɗuwa ne tun cikin watanni uku na farkon ciki. Idan sassan ba su gamu ba, sai a haifi yaro da giɓi. Wannan ba aikin mayu ba ne, ba husufin wata ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Wani lokaci gado ne. Shan taba, da ciwon sukari, da waɗansu magungunan farfaɗiya kuma suna ƙara haɗarinsa ga mai ciki.

Abin yana gyaruwa. Tambayar da ke damun magidanci a Jama'are, ko a ƙauyukan ƙasar Katagum, ita ce: da ɗan abin da ke hannunsa, me ya fi cancanta ya fara yi?

Farantin Ganɗa

Akwai wani magani na farko da likitocin haƙori ke yi kafin tiyata. Sukan auna bakin jariri, su ƙera masa ɗan farantin roba wanda zai rufe giɓin, ya riƙa matso da dasashi a hankali. Hikimar ita ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An fara wannan dabara a birnin Glasgow wajen 1950. Daga baya, cikin shekarun 1990, likitocin New York a Amurka suka ƙara mata wani sashe mai gyara siffar hanci.

Amma farantin yana da ɗawainiya. Tilas a riƙa komawa asibiti duk mako ɗaya ko biyu domin a daidaita shi, har tsawon watanni. Ga mutumin Jama'are wanda zai kai ɗansa Kano ko Bauci, wannan kuɗin mota ne, da na abinci, da kwanakin gona ko na kasuwa da za su salwanta.

Daga 1993 likitocin ƙasar Holan suka gwada amfaninsa a kan jarirai 54. Rabi aka sa musu farantin, rabi ba a sa ba, aka kuma yi wa dukansu tiyata. Da aka bi girmansu, sai aka ga farantin bai ƙara musu shan nono ko nauyi ba, bai kuma bar wani bambanci mai ɗorewa a muƙamuƙi ba. An ga ɗan fifiko a maganarsu suna da shekara biyu da rabi. Saboda haka farantin ƙari ne. Idan likita ya ga giɓin yana da faɗi ya ba da shawarar sa shi, madalla. Idan bai samu ba, kada iyaye su ɗauka sun yi asara.

Abubuwa Biyu Da Ba A Jinkirtawa

Na farko shi ne ciyarwa. Jariri mai tsagaggiyar ganɗa ba ya iya tsotso sosai, nono kuma yakan fito masa ta hanci. Ya kamata uwa ta riƙe shi a zaune, ta tatsi nononta ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta, kaɗan-kaɗan, akai-akai. Wannan ba ya cin ko kwabo, alhali kuwa likita ba ya yi wa ramammen yaro tiyata. Ranar suna kuma kada a bar wanzami ya taɓa cikin bakinsa.

Na biyu shi ne tiyata a kan kari. Akan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin yaro ya nisa da koyon magana. Wanda aka bari ya wuce wannan lokaci yakan saba da magana ta hanci, kuma ko an ɗinke daga baya, sai an daɗe ana koya masa furuci. Ruwa yakan taru a kunnensa ya rage masa ji. Tsokanar yara kan sa ya guji makaranta. Kuɗin da aka ƙi kashewa yana jariri, ninkinsa ake kashewa yana babba. Duk da haka, babban da bai sami gyara ba tun yana yaro, shi ma ana yi masa.

Inda Za A Nufa

Da zarar an haifi irin wannan jariri, a kai shi Babban Asibitin Jama'are cikin makon farko, a auna nauyinsa, a nemi takardar turawa zuwa asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana biyan kuɗin wannan tiyata a asibitocin da take hulɗa da su a Nijeriya. Ya kamata iyaye su tambayi ma'aikatan lafiya wanne ne mafi kusa da su.

Ana roƙon hakimai, da dagatai, da limamai, da ungozomomi su isar da wannan bayani ga jama'arsu, domin kada a ɓoye wani yaro a ɗaka saboda abin da yake da magani.