Na'urar gano ƙarfe da tsoffin kuɗin da ke binne a ƙasar Zamfara

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa a ranakun hutu kamar su saɓi na'urar gano ƙarfe, su shiga wuraren shaƙatawa na jama'a, ko gonaki, ko bakin teku, suna laluben tsoffin sulallan da ƙasa ta haɗiye.

A yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun na jihar Zamfara kuwa, ba a matsayin abin nishaɗi aka san wannan na'ura ba. An fi saninta a hannun masu neman zinariya a dazuzzukan jihar.

Sai dai na'urar ba zinariya kaɗai take ji ba. Duk ƙarfen da ta gifta ta kansa sai ta yi ƙara, ko ƙusa ce, ko kan mashi, ko aninin zamanin Turawa. To, idan ta yi ƙara a kan wani tsohon kufai, wane irin kuɗi za a tarar, mene ne darajarsa, kuma na wane ne?

Yadda take aiki

A ƙasan sandar na'urar akwai wani faifai mai ɗauke da naɗin waya. Batir ne ke tura wutar lantarki cikin wayar, ita kuma ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa.

Idan wannan ƙarfi ya ci karo da ƙarfe, sai wata 'yar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, shi ma ya mayar da martani. Martanin ne na'urar ke ji, ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita.

Da wuya matsakaiciyar na'ura ta ji sule guda da ya wuce zurfin santimita 30, kuma jar ƙasa da marmara masu sinadarin ƙarfe kan ruɗa masu araha daga cikinsu.

Na'urar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1881 Alexander Graham Bell ya gwada wata irinta don neman harsashin da ya maƙale a jikin shugaban Amurka James Garfield, ko da yake bai yi nasara ba. A 1941 wani hafsan sojan ƙasar Poland, Jozef Kosacki, ya ƙera ta gano nakiyoyi, wadda dakarun Birtaniya suka yi amfani da ita a Masar a 1942. Daga bisani, da na'urorin suka rage nauyi da tsada, sai fararen hula suka mayar da su abin sha'awa.

A Afirka zinariya ce ta yi wa na'urar kasuwa. Ta bazu a Sudan, ta kuma taka muhimmiyar rawa lokacin da dubban mutane suka yi tururuwa zuwa Djado a arewacin Jamhuriyar Nijar a shekarar 2014.

Amma ƙwayar zinariya mai ɗan girma kawai take ji. Wadda ke warwatse cikin dutse tamkar gari tilas sai an fasa an niƙa, kuma irin wannan niƙa a cikin gidaje ce ta haddasa gubar dalmar da ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, al'amarin da ya fito fili a 2010.

Wane irin kuɗi za a tarar?

Abu na farko da mai neman tsoffin kuɗi a ƙasar Hausa ya kamata ya sani shi ne, kuɗin kakanninsa ba na ƙarfe ba ne. Wuri ne, kuma na'urar ba ta jin wuri ko da tukunya guda ce cike. Hasali ma kalmar kuɗi jam'in wuri ce.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500.

Daga cikin dalolin da fatake ke shigowa da su ta hanyar Sahara akwai ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa. Nauyinta kimanin giram 28 ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na jikinta azurfa ce, abin da ya sa maƙera ke narka ta su yi mundaye da zobba.

Duk wanda ya tono irin wannan dala, mai yiwuwa ya ga an rubuta 1780 a jikinta. Wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta, domin an ci gaba da buga ta da wannan lamba har cikin ƙarni na 20.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun hana shigo da wuri, sannan a 1907 suka fito da kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Anini goma ne kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 kuma fam guda. A tsakani akwai ɗari, da taro, da sisi, da fataka.

A 1913 aka fara buga sulallan azurfa na Afirka ta Yamma, amma a 1920 aka maye gurbinsu da na farin tagulla. Najeriya ta fito da nata kuɗin a 1959, kafin naira da kwabo su karɓi fage ranar 1 ga watan Janairun 1973.

An buga waɗannan kuɗi miliyoyi, saboda haka akasarinsu ba su da wata tsada a wurin masu tara tsoffin sulalla. Wanda ya tono anini da fatan yin arziki, zai gane dalilin da ya sa har yau ake cewa abu bai kai anini ba.

Inda darajar take

A wurin masana binciken tarihi na ƙarƙashin ƙasa, muhimmin abu shi ne inda aka samu kuɗin, da zurfin da yake, da abin da ke kwance kusa da shi.

Kwabo mai ɗauke da shekarar 1936 da aka tarar a ƙarƙashin daɓen wani ɗaki shaida ce cewa ba a yi daɓen kafin wannan shekara ba. Amma da zarar an zare shi an jefa aljihu, wannan shaida ta ɓace har abada.

Ƙasar Zamfara na da buƙatar irin wannan shaida, domin yaƙe-yaƙe sun tayar da garuruwa da dama. A cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni kafin su tabbata a Anka.

A garin Faru na ƙasar Maradun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana wa'azi da karantarwa a cikin shekarun 1780, sannan a 1805 jama'arsa ta yi sansani a Sabon Gari ta ƙasar Bakura. A baya-bayan nan ma, madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 ta ci gonaki da matsugunai, ta tayar da dubban mutane.

Abin da bincike na tsanaki ke iya fitowa da shi ya bayyana a Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a jihar Katsina. Haƙar da aka yi a 1992 ta gano kayan ado na zinariya, da wuri, da kwanon ƙarfe daga ƙasashen Musulmi na gabas, a cikin kaburburan da wasunsu suka kai ƙarni na 14. Wannan ya nuna yadda cinikin ƙasar Hausa ya yi nisa tun wancan zamani.

Akasin haka ya faru a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, inda a cikin shekarun 1990 masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka kwashe tsoffin mutum-mutumin yumɓu, aka yi fataucinsu zuwa ƙetare. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya irin waɗannan kaya na yankunan Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar sata.

Abin da doka ta ce

A Najeriya, doka mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ta haramta haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da amincewar gwamnatin jiha.

Wanda ya ci karo da irin waɗannan kaya, ko da yana noma ne ko ginin rijiya, tilas ne ya sanar da hukumar cikin kwana bakwai. Dokar ta kuma taƙaita saye da sayar da su, ta hana fitar da su waje ba tare da izini ba.

Zinariyar da ke cikin ƙasa tana da nata hukuncin dabam. Tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka ta ga gwamnatin tarayya, wadda ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024.

A jihar da ke bin tafarkin shari'ar Musulunci, akwai kuma bayanin malaman mazhabar Malikiyya. Dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya ita ce rikazi, ana fitar da humusi daga cikinta, wato kashi ɗaya cikin biyar.

Wadda ke da alamar cewa Musulmi ne ya binne ta kuwa, hukuncin tsintuwa take ɗauka: a yi cigiya har shekara guda. Ke nan tulun sulallan da aka tono a tsohon gida na iya zama haƙƙin magada, ba rabon mai na'ura ba.

Darasi daga Ingila

Ko a ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi, ba a barinta kara zube. A Ingila sai da izinin mai gona ake shiga gonarsa, sai kuma da izinin ƙaramar hukuma ake taɓa wurin shaƙatawa na jama'a.

Wata doka ta 1996 ta wajabta wa duk wanda ya samu tarin sulallan da suka haura shekara 300 ya kai rahoto cikin kwana 14. Idan gidan tarihi na son kayan, sai a yi masu kuɗi a biya lada, wadda galibi ake raba ta tsakanin mai na'ura da mai fili.

A watan Afrilun 2010 wani mai wannan sha'awa, Dave Crisp, ya gano wata tukunya a wata gona kusa da garin Frome. Maimakon ya fasa ta, sai ya rufe ramin ya kira masana, waɗanda suka kwashe abin da ke ciki daki-daki. An ƙirga sulallan daular Rum 52,503, aka yi masu kuɗi fam 320,250, kuma gidan tarihin Somerset ya saye su.

Wasu mutane biyu da suka gano sulalla kimanin 300 a yankin Herefordshire a 2015 kuwa, ɓoyewa suka yi suna sayarwa a asirce. Kotu ta ɗaure su a 2019, amma akasarin sulallan sun salwanta.

Bambancin shi ne, a can mai gaskiya ya san inda zai kai rahoto, ya kuma san zai samu lada. Muddin manomin Bakura ko mai haƙa na Maradun bai ga irin wannan hanya a kusa da shi ba, maƙeri ko dillali ne zai riga masanin tarihi ganin abin da ya tono.

Kafin a kai ga haka, matakin da ke hannun kowa mai sauƙi ne. Wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya ko tarin sulalla, kada ya fasa, kada ya goge, kada ya narka. Ya lura da wurin, ya sanar da mai gari ko hakimi, su kuma su isar da labarin ga hukumar kula da kayan tarihi.