Giga Takwas, Amma Kashi Biyu

Wani ɗalibi ya sayi laftof, aka ce masa ram ɗinta giga 8 ne. Da fankarta ta fara gurnani sai ya kai wa mai gyara a share mata ƙura. Ana kwance murfin ƙasa sai ga 'yan faifai biyu koraye, kowanne da takarda a manne an rubuta 4GB. Gurabe biyu ne a cikinta, duka a cike.

"Oga, an cuce ni ke nan? Ni takwas na biya."

"Huɗu da huɗu nawa ne?" in ji mai gyara, ko ɗago kai bai yi ba.

Lissafi ya fita, amma tambayar tana nan. Tunda akwai faifai ɗaya mai giga 8, me ya kai kamfani raba shi biyu har ya toshe gurbin da za a yi ƙari?

Zargin farko da ke zuwa wa kowa shi ne wayo: an cike guraben ne don ranar da ka so giga 16 ka zubar da na ciki ka sayi sababbi. Asarar gaskiya ce. Sai dai kuɗin ba aljihun kamfanin laftof za su koma ba. Mafi yawan ram ɗin duniya Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka ke ƙera ƙwayoyinsa, kai kuma a kasuwa za ka sayi naka. Ba a yin mugunta don wani ya ci riba.

To ko araha ce? Wani lokaci ƙananan sukan fi sauƙin kuɗi, ko su yi kwantai a ma'ajiyar kamfani. Amma duk wanda ya daɗe yana kwance kwamfutoci ya san cewa kwamfutoci masu araha su ne suka fi zuwa da faifai ɗaya tak, gurbi na biyu wayam. Sawun ya nuna akasin inda muke bi. Masu cewa na biyun ajiya ne ko da ɗaya ya mutu, su ma ba su kama ba: ram ɗaya ya lalace, kwamfuta ta dinga faɗuwa ke nan ko ta ƙi tashi, sai an zare shi.

Mai gyara bai yi dogon bayani ba. Ya zare biyun, ya ɗauko guda mai giga 8, saurinsu ɗaya, ya tura shi a karkace ya danna har ƙarafunan gefe suka ce ƙyas. Windows ta tashi. Aka buɗe Word, aka shiga intanet, babu abin da ya canza. Ɗalibi ya fara murmushin wanda ya yi nasara. Sai aka kunna wasan ƙwallon da ke kan laftof ɗin, 'yan wasa suka fara tafiya suna sarƙewa. Aka mayar da huɗu-huɗu, wasa ya sake gudana sumul. Manhajar CPU-Z ta ba da shaida: da faifai ɗaya ta rubuta Single, da biyu ta rubuta Dual.

Ashe ba yawa ake magana ba, hanya ce. Faifan ram na DDR4 yana miƙa wa furosesa bayanai bit 64 a kowane zuwa. Furosesar laftof ta yau da kullum kuwa layi biyu gare ta zuwa ram, kowane gurbi da nasa. Ka sa faifai ɗaya, layi ɗaya na aiki, ɗayan na zaune. Ka sa biyu, bit 128 ke nan a tare. Ɗauki DDR4-3200: sau miliyan 3200 a daƙiƙa, kowane zuwa bayit 8, ya kama gigabayit 25.6 a daƙiƙa. Layi biyu, 51.2. Kamar sito ne mai buhu dubu: ko da ƙofa ɗaya ko biyu buhunan dubu ne, amma in mota na jira, 'yan dako sun san bambanci.

Saura ƙulli ɗaya: me ya sa Word ba ta ji komai ba? Domin ko layi ɗayan ba ta cika shi. Wasa kuwa hoto yake zanawa sau da dama a daƙiƙa, kuma laftof irin wannan ba ta da katin girafik mai ram nasa na kansa. Sashen zanen yana cikin furosesa, na Intel ne ko na AMD, daga ram ɗin kowa yake ɗiba. Baki biyu a kan layi ɗaya. Shi ya sa a ganina kamfanin da ya sa huɗu-huɗu a irin wannan na'ura ya fi kyautata wa mai saye a kan wanda ya sa takwas guda, ko da na biyun ya fi daɗin faɗa wajen ciniki.

Tsofaffin masu gyara za su ce ai dama can bibbiyu ake sawa, kuma da gaskiyarsu, amma dalilin dabam ne. Pentium ta 1993 bit 64 take buƙata, faifan SIMM mai haƙori 72 kuma 32 yake bayarwa, don haka a yawancin bod in ba biyu, ba tashi. Zuwan faifan DIMM ya kawar da wannan tilas. Daga baya NVIDIA da chipset ɗinta nForce a 2001, sannan Intel da nata 865 da 875 a 2003, suka yaɗa layi biyu a kan DDR, wannan karon don sauri.

DDR5 ya zo da abin da ke rikita mutane. Faifansa ɗaya a rabe yake gida biyu, 32 da 32, har wasu su ɗauka guda ya wadatar. Jimla dai 64 ce, rabin abin da furosesar ke iya karɓa.

Kuma biyu ba ta isa ba sai an san inda aka sa su. A kwamfutar tebur mai gurabe huɗu, biyun farko yawanci layi ɗaya suke kai. Wanda ya jera faifansa biyu a cikinsu kafaɗa da kafaɗa ya biya kuɗin layi biyu yana tafiya a kan ɗaya. Galibin bod gurbi na biyu da na huɗu suke so, in ka ƙirga daga wajen furosesa, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta A2 da B2 da ƙananan baƙaƙe a gefensu.